Kati Ɗaya, Laminu Huɗu

Kullum in na ga ɗayanku ya tsaya a gaban lebura, ya miƙa masa waya daf da baki kamar mai ba yaro magani, ya ce masa "yi magana", sai dariya ta kama ni. Kun ce aikin anketi ba shi da wuya: ka yi tambaya, a ba ka amsa, ka danna, ta tafi buro, wato ofis. To, ku gyara zama. Na yi shekaru ina bin shantiye-shantiyen Tamanrasset, wato wuraren gini, da jaka a kafaɗa, ina tambayar magina da leburori yadda suke aiki da yadda suke rayuwa, kuma babu lokacin da ya koya mini sana'ar nan kamar lokacin da aka kore ni daga cikinta.

Sunana Issufu, mutumin Mirriya ne ni. Na zo garin nan wajen ƙarshen shekarun casa'in, na zauna a shagon kawuna. Na yi lekkol, makarantar boko, har kolej, saboda haka ina da Faransanci. Larabcin kasuwa na tsince shi a shago, Buzanci kuma ina jin wanda zai hana a zage ni ina murmushi. Wata rana wani dattijo ya zo sayen pil, wato batirin rediyo, ya tarar ina ciniki da mutum uku, kowa da harshensa. Ya tsaya har suka tafi, sannan ya ce wa kawu, "Alhaji, ara mini wannan." Shi ne Malam Ahmudu, Buzu daga Agadas, wanda ya taɓa yin aikin ƙidayar jama'a a gida, a nan kuma malaman jami'a suke nemansa duk lokacin da suke son magana da mutanenmu.

Wata guda cur na yi ina binsa, bai bar ni na yi wa kowa tambaya ba. Jaka na koya tukuna. A cikinta akwai rakoda mai cin pil huɗu, da kaset-kaset, da fensir, da rezar fiƙe shi, da daurin takardun tambayoyi. Bik, wato biro, ba ma yarda da shi, domin da zafi ya yi maka amai a aljihu, da sanyi ya ƙi rubutu. Sanyin garin nan kuwa kun san shi, na dutse ne. Pil ma ba sa jure masa, shi ya sa muke ɓoye su a aljihun ciki, sai an zauna za a fara magana a fito da su da ɗuminsu. Kaset mai dogon zango ba ma saye, zarensa siriri ne, rakoda tauna shi take yi. In za ka mayar da kaset baya, ka zura fensir a raminsa ka juya da hannu, kada ka ƙona pil a banza. Maganar awa ɗaya kuwa, in ka zauna rubuta ta a kaye, wato littafin rubutu, kana juya ta zuwa Faransanci, yini ne guda, da ciwon wuya a kai.

Dokokin Malam Ahmudu ba su da yawa. Kada ka tsaya a kan mutum yana zaune. Kada ka ƙarasa masa maganarsa ko da ka san inda za ta. Abin da ya faɗa shi za ka rubuta, ko da ranka ya ba ka ƙarya ce, shakkar da kake yi ka ajiye ta a gefen takarda. Sai babban laifi, wanda ba a yafewa: cika takarda a gindin bishiya. Wato rana ta yi zafi, mutane sun ƙi tsayawa, sai ka nemi inuwa ka ƙirƙiro mutum goma daga kanka, ka ba su shekaru da mata da 'ya'ya. Garin nan ba shi da bishiyoyi da yawa, amma mai son yin haka ba ya rasa inda zai zauna. Wanda aka kama sau ɗaya ya gama, don malaman suna gaya wa juna.

Aikin da nake son ba ku labarinsa na wasu malamai uku ne da suka zo daga wata jami'a ta arewacin ƙasar nan, a farkon shekarun dubu biyu. Shugabarsu Madam Wahiba, masaniyar tattalin arziki, mace mai gilashi, ba ta da wasa. Akwai Si Murad mai nazarin zaman jama'a, sai wani likita mai kula da lafiyar ma'aikata. Abin da ya fi ba ni mamaki da su shi ne, lebura ɗaya za su kalla, kowa ya ga abinsa daban. Likita ya ga tafin hannu da ƙashin baya. Madam ta ga kwana nawa ya yi aiki a wata. Si Murad ya ga wa ya kawo shi garin, a gidan wa yake kwana. Na sha zama ina sauraron gardamarsu, kowa yana cewa tambayarsa ce ta fi muhimmanci, har takardar ta kai shafi tara. Tambaya ɗaya ce kawai duk suka yarda da ita, ta goma sha takwas: "In ka ji ciwo a wurin aiki, wa ke taimakonka?" A ƙasa akwai akwatuna, ɗan kwangila, asusun ma'aikata, dangi, babu kowa.

Yawancin mutanenmu "Allah" suke cewa. Babu akwatin wannan. Madam ta ce a riƙa sa shi a "babu kowa". Malam Ahmudu ya ce shi hannunsa ba zai iya ba, ya ci gaba da rubutawa a gefe, ni ma na bi shi.

Shekarar kuwa muguwa ce, mu muna ce mata shekarar kwasa. Motocin 'yan sanda kan tsaya inda leburori ke jiran aiki a bakin hanya, duk wanda ba shi da takarda a loda shi, sai bakin iyaka. Mutum in ya hango ka da takarda da fensir, sai ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Abin da ke ɗan kare mutum shi ne katin shantiye. Kwali ne ƙarami, ba hoto, suna ne da lamba da hatimin ɗan kwangila, amma sau da yawa in ka nuna shi a kan ƙyale ka. A babban shantiyen da muka fi aiki, inda ake gina rukunin gidaje a bakin gari, doka ita ce duk wanda ya yi kwana uku bai zo ba a karɓe katinsa a ba wani. Ɗan kwangilar ya bar mu mu shiga ne da sharaɗin za a nuna masa abin da aka rubuta a kan wurinsa.

A wannan shantiyen na cika takardu da yawa cikin wata biyu. A kusurwar kowace takarda mukan sa suna da lambar kati da fensir, don kada a tambayi mutum sau biyu, daga baya a goge. Ran nan Madam ta kira ni buro. Ta jera takardu uku a kan tebur, duk rubutuna. Mushe ake ce mini a aikin, wato malam da Faransanci.

"Mushe Issufu, karanta mini sunan nan."

"Laminu Sha'aibu."

"Wannan fa? Da wannan?"

Duka Laminu Sha'aibu, duka lamba ɗaya. Na farko shekararsa arba'in da 'ya'ya huɗu, na biyu saurayi ne bai yi aure ba, na uku ya ce ciwon ƙirji ke damunsa. Laminu ba sunan da zai tsaya wa mutum a rai ba ne, kuma makonni ne a tsakaninsu, ban taɓa lura ba.

"Mun san sunan wannan abin a aikinmu," in ji ta. "Na ba ka mako ɗaya. Ka kawo mini bayani, ko ka kawo mini jakar."

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Amma in gaya muku gaskiya, son sani ya fi kunyar ƙarfi. Na san na zauna da mutum uku, na ga fuskokinsu. To yaya aka yi suka zama ɗaya? A waje Malam Ahmudu ya tare ni.

"Ka gan su da idonka?"

"Na gan su, Malam."

"To," ya ce, bai ƙara ba.

A takardun uku abu ɗaya ne ya zo daidai ban da suna da lamba, wato gidan da suke kwana, gidan Tanko a Tahaggart. Albarkacin tambayar Si Murad ke nan. Tanko mutumin Tasawa ne, shi ne shugaban gidan da samarin yankinsu ke sauka. Na same shi da la'asar yana gyaran takalmi. Bayan gaisuwa na ce ina neman Laminu Sha'aibu.

"Ai shina wurin aiki, Mushe."

"Wanne daga ciki, Baba? Dogon, ko saurayin, ko mai tari?"

Ya ajiye basillar, ya dube ni. Sannan ya ce, "Gobe Juma'a. Ka zo da sahe mu tahi Outoul. Amma jakar nan ka baro ta gida."

Muka shiga taksi na haɗaka, muka sauka, muka bi ta cikin garake har wata bukka a ƙarshen lambun wani Buzu abokin Tanko. A ciki wani mutum ne kwance a tabarma, ƙafarsa ta dama ɗaure da karare da tsumma, aikin maɗori. Ban taɓa ganinsa ba. Shi ne Laminu Sha'aibu. Tsani ne ya zame da shi a shantiye, abokansa suka fitar da shi ta baya. Asibiti ba ya korar kowa, amma a wannan shekarar hanyar zuwa asibitin ce abin tsoro.

Tanko ya yi mini bayani kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. In mai kati ya faɗi, ba a barin gurbinsa ya mutu. 'Yan gidan da ba su da tsayayyen aiki sai su raba kwanakin mako, kowa ranarsa ya ɗauki katin, ya amsa sunan in an kira, ya yi aikin. Ladan ranar a raba, rabi nasa, rabi na mai jinya. Ranar da katin ke aljihunka kuma kai ma ka tsira daga kwasa. Da na zo da takardata, shef, wato shugaban shantiye, yana kusa, dole suka ba ni sunan da ke katin. Sauran tambayoyin kuwa, tun da na roƙe su su faɗi gaskiya, kowa gaskiyarsa ya faɗa. Sunan kaɗai suka ara.

Na zauna baki buɗe. Wata biyu malamai uku suna neman amsar tambaya ta goma sha takwas, ga ta nan kwance a tabarma. Hannuna har ƙaiƙayin fensir yake. Na gaya musu halin da nake ciki, na ce in na yi wa Madam bayani na wanke kaina.

"In ka gaya mata, ta rubuta?" in ji Tanko.

"Aikinta ke nan."

"In ta rubuta, ɗan kwangila ya gani?"

Ban san ta ba sosai a lokacin, abin da na sani ta yi alkawari, kuma mace ce mai cika alkawari.

Laminu ya ɗaga a kan gwiwar hannu. "Mushe, in ka faɗa, gaskiya ka faɗa, ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Amma katin nan shi ne abincin gidana. Maɗori ya ce saura kamar kwana arba'in. Ka bari in taka ƙasa."

Da mako ya cika na je buro. Na ce, "Madam, ban ƙirƙiri kowa ba, amma ba zan iya yin bayani yanzu ba." Ta cire gilashinta ta goge, ta ce wannan ba amsa ba ce. Na ajiye jakar a kan tebur, na ciro pil huɗu daga aljihun ciki na ɗora a kai. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Kwana uku bayan haka sai ga Tanko a shagon kawu. An kwashe biyu daga cikin samarinsa, har da saurayin da na yi wa tambaya.

"Talata ba mu da mutum," in ji shi. "Kai kuma na ji ba ka da aiki."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi rakoda nauyi ba. Amma na tafi.

Talatar farko ba zan manta da ita ba. Da sassafe aka jera mu, shef ɗin shantiye, wani dattijo ɗan ƙasa da ake kira Ammi Sulaiman, ya fito da takardarsa yana kiran suna. Da ya ce "Laminu Sha'aibu" na amsa, ya yi alama. Aka sa ni ɗaukar yashi a kwano zuwa hawa na biyu. A takardarmu akwai tambayar likita, wai kayan da kake ɗauka marar nauyi ne, ko matsakaici, ko mai nauyi. Na yi wa mutane da yawa wannan tambayar da fuska a sake. Ranar na gane kwano ɗaya ne yake zama duka ukun, da safe, da hantsi, da azahar. Siminti ya cinye mini tafin hannu. Da aka tashi cin abinci, da wani ya zo mini da shafi tara na tambayoyi, da ban san abin da zan yi masa ba.

Amma idon anketi ba ya barin mutum. A Talata ta biyu na lura da wani abu. Duk sunan da Ammi Sulaiman ya kira, sai ya ɗaga kai ya dubi mai amsawa. In ya zo kan Laminu Sha'aibu kuwa, idonsa ba ya barin takarda. Ya kira, a amsa, ya yi alama, ya wuce. Na tambayi na kusa da ni, ya ce, "Kai dai ɗauki kwanonka."

Talata ta uku da hantsi, ina saukowa da kwano, na hango mota a bakin ƙofa. Madam Wahiba ce da Malam Ahmudu. Ashe abin bai bar ta ta huta ba, ta zo ta ga mai lambar nan da idonta. Na ji shef ya ɗaga murya, "Laminu Sha'aibu! Ana nemanka." Babu wurin gudu, in na ƙi fitowa katin ya tafi. Na ajiye kwano, na fito, siminti har gira.

Ta dube ni. Ta dubi hannuwana da na naɗe da tsumma. Ta dubi katin da na miƙa mata, ta duba lambar. Ammi Sulaiman yana tsaye a gefenta, yana ta nazarin takardarsa kamar yau ya fara ganinta. Kalma ɗaya za ta faɗa, shi ke nan, Laminu ya rasa gurbinsa.

Sai ta buɗe jakarta, ta ciro sabuwar takarda, ta nemi bulo ta zauna, ta nuna mini wani. Ta ce wa Malam Ahmudu da Faransanci, "Tambaye shi sunansa."

Malam Ahmudu, wanda ya san na fi shi Faransanci, ya juyo da fuskar nan tasa ta aiki, ya ce da Hausa, "Samari, ana tambayar sunanka."

"Laminu Sha'aibu."

"Shekarunka?"

Na faɗi nawa. Haka muka bi shafi-shafi, tana tambaya, yana juyawa, ina amsawa, ita da kanta take rubutawa. Sunan kaɗai na ara. Da aka zo tambaya ta goma sha takwas, ta karanta ta a hankali, ba ta dube ni ba.

"In ka ji ciwo a wurin aiki," in ji Malam Ahmudu, "wa ke taimakonka?"

Na ce, "Malam, gaya mata ta haɗa wannan takardar da ukun da ke buronta."

Ya juya mata daidai yadda na faɗa. Fensirinta ya yi ta yawo a kan akwatunan, bai sauka a ko ɗaya ba. Daga ƙarshe ta yi rubutu a gefe, inda muke rubuta "Allah". Ta miƙe, ta karkaɗe rigarta, ta yi wa shef godiya, ta ce komai daidai yake.

Washegari Malam Ahmudu ya kawo mini jakar har shago, ya ce Madam ta ce in dawo aiki, ban da ranar Talata. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na ce lokaci ya yi. Sannan fa malaman uku suka taso mini, kowa da nasa. Likita yana son ganin ƙafar, Si Murad yana son sanin wa ke raba kwanaki, Madam tana son sanin tun yaushe ake haka. Karon farko ke nan da na ga sun zauna a kan abu ɗaya ba gardama. Abin da aka nuna wa ɗan kwangila babu wannan a ciki. Wanda suka rubuta daga baya kuma sai da aka gama ginin aka watse, ba sunan wuri, ba sunan mutum. A takardun da muka yi aiki da su bayan nan an ƙara tambaya ɗaya: "In ka kwanta, wa ke riƙe maka gurbi?" Na ga har yau wasunku suna yin irinta a wayoyinku, ba ku san daga inda ta fito ba.

Ranar da Laminu ya koma aiki ina wurin, da jakata, na je da wuri da gangan. Ya shiga layi yana ɗingishi, yana ƙoƙarin ɓoyewa. Ammi Sulaiman ya fito da takardarsa, yana kira yana ɗaga kai, yana kira yana ɗaga kai, har ya zo kan sunan.

"Laminu Sha'aibu."

"Na'am, shef."

Alƙalamin ya tsaya. Dattijon nan ya ɗaga kai, ya dubi fuskarsa, ya sauke ido kan ƙafar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce da 'yar Hausarsa ta shantiye, "Sannu da zuwa. Kai ba hawa tsani. Kai zuba wa bulo ruwa, nan ƙasa."

Ya yi alama a takarda, ya kira suna na gaba.